Sallahun Inna Kulu

Shekaranjiya wani ɗalibin foliteknik ya leƙo shagona yana latse-latsen waya, ya ce, "Baba Garba, wai har yanzu akwai masu zuwa ka yi musu cekin ɗin jirgi? Ai abin minti biyu ne." Na ce masa yanka rago ma minti biyu ne, fiɗar ce aiki. Ya yi dariya ya wuce, ni kuwa ya bar ni ina ta juyi a kan kujera. Ku yaran yanzu kuna ganin in mutum ya danna waya ta nuna masa lambar kujera, to ya gama tafiya. Ku zauna in ba ku labari, in kuna da haƙurin ji.

Ni ba da jirgin sama na fara ba. A tashar jirgin ƙasa ta nan Kaura Namoda na buɗe ido, ina tsaye bakin sikeli ina auna buhunan gero da ƙunshin fatu, ina rubuta wa kowane kaya tashar da zai sauka. Da jirgin ya fara zuwa yau ya ɓace wata guda, na ga zama bai kama ni ba, na tafi Kano na shiga hannun wani dattijo mai sayar da tikitin jirgin sama, Alhaji Tijjani. Lokacin tikiti ɗan littafi ne mai jan kabon, da biro ake cika shi, in ka yi kuskure a layi ɗaya ka ɓata shafi huɗu. Shekara uku na yi ina cikawa yana yagewa. Abin da ya fi nanata mini shi ne tafiya abu uku ce, mutum da kujera da kaya. Mutum yana da baki, in ya ɓata zai yi tambaya. Kujera ba ta zuwa ko'ina. Kaya ne marayan tafiya, inda aka rubuta masa nan zai tsaya, ko da mai shi ya wuce bangon duniya. Na haddace maganar kamar karatun allo, amma haddacewa daban, aiki da ita daban.

Bayan an ba mu jiharmu ta Zamfara na dawo gida na kama shago kusa da tasha. Kayan aikina ba su da yawa: kwamfuta ɗaya, firinta mai cin takarda in ta ga dama, janareta da sai an lallashe shi, da tsohon sikelin rataye da na saya wajen wani mahauci. Da kamfanonin jirage suka fito da cekin ta intanet, wato ka tabbatar musu kana nan tafe tun kana gida, ka zaɓi kujerarka, ka buga takardar shiga jirgi, ni ne na fara yinsa a garin nan. Ana buɗewa kwana ɗaya kafin tashi, kuma kujerun kirki ba sa jiran kowa. Sai ka ga shafin ya buɗe rabi ya tsaya, hadari ya taso, sabis ya ɗauke, fasinja yana tsaye a kanka yana tambaya ko an dace. Ban taɓa yin cekin a zaune daram ba.

Fatake daga Shinkafi, masu zuwa Umara daga Zurmi, marasa lafiya, ɗalibai, duk nan suke zuwa. Shekarun nan shari'a ta zauna a jiha, motar mata daban, ɗan kabu-kabu ba ya ɗaukar mace a babur, sai mutane suka ɗauka jirgin sama ma haka yake. Wani malami ya taɓa sa ni a gaba wai lallai in duba masa kujerar da ba mace kusa. Na juya masa fuskar kwamfuta na ce ga su nan, akwatuna ne shuɗi da toka, ba mai ɗankwali a ciki. Dabarar da na koya ita ce in ba irinsu kujerar taga, in sa ɗan rakiyarsu a tsakiya ya zama katanga. Tsoho mai yawan fitsari ka ba shi bakin hanya. Wanda zai sauya jirgi cikin ƙurarren lokaci kada ka kuskura ka kai shi baya, don kafin ya fito an rufe ƙofar na biyu. Waya ba za ta gaya muku wannan ba, sai kun kalli mutumin da ke gabanku.

Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne sallahu. A ƙasar nan ba a tafiya hannu sake. Da an ji za ka fita waje, wanda ke da ɗa a can zai kawo daddawa, wata kuka, wani kilishi, a ce ka miƙa. Ba a ƙi, kuma ba a kwancewa a duba, don kwancewa zargi ne. Kamfani kuwa kilo ya sani, bai san kunya ba. Don haka kowane fasinjana sai ya kawo kayansa shago na rataya a sikeli kafin ya kama hanyar Kano.

Aikin da nake son ku ji na Alhaji Bawa ne, wani dillalin shanu daga Jangeru. Idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama yana bin sahu. Likita ya ce akwai aikin da za a yi masa a Indiya, amma in aka ƙara makonni ko an je ba amfani. Aka ba shi rana. Ƙanensa Umaru, wanda ya yi sakandare yana jin Turanci daidai gwargwado, shi ne ɗan rakiya. Shekarar ba ta yi mini kyau ba. Tsawa ta ƙone mini na'urar intanet a farkon damina, wasu sabbin shaguna a Gusau suna ta janye mini mutane da araha, ni kuma na ƙudura sai na nuna na fi su iya nemo mai sauƙi. Sai na yanka wa Alhaji tikiti biyu daga kamfani biyu, ɗaya Kano zuwa Alƙahira, ɗaya Alƙahira zuwa Indiya, da tazarar awa huɗu a tsakani. Na san araha ba ta ado, amma ranar ban tuna ba.

Ranar awon kaya suna shagona sai ga wata tsohuwa ta sauko daga motar mata, rungume da wani ƙunshi a cikin zane. Inna Kulu ce daga Banga, matar marigayi Malam Isiyaku, aminin Alhaji. Ɗansu Sanusi yana karatun haɗa magunguna a garin da za a yi aikin, bai samu zuwa jana'izar uban ba. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya karɓi ƙunshin da hannu biyu ya sa a jakar hannunsa. Na rataya jakar, allura ta wuce kilo bakwai da nisa.

Na ce, "Alhaji, wanga ƙunshi sai dai shi koma babban akwati."

Ya ce, "A'a Garba. Wagga amana ta, hannuna taka zama."

Na ce, "In sunka auna can ƙwace jakar za su yi gaba ɗai, har da takardun asibiti. Akwati da kai jirgi guda za ku shiga, inda kas sauka nan shika sauka. Na ɗauki alkawali."

Ya daɗe yana shafa ƙunshin, sannan ya miƙa wa Umaru ya sa a saman kaya cikin akwati. Ban tambayi abin da ke ciki ba, a raina daddawa ce. Washegari na yi musu cekin na jirgi biyun, sabis bai ko yi tari ba. Na samo musu kujerun gaba, Alhaji a bakin hanya, Umaru kusa da shi. Na buga takardu huɗu masu kyau na sa a ambulan, ina jin kaina kamar wanda ya ci gasa.

Ranar tafiyar ana idar da azahar wayata ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Umaru ne. Sun sauka Alƙahira lafiya, sun je teburin masu sauya jirgi, an duba 'yar takardar kayan da aka liƙa musu a Kano an ce akwatinsu iyakarsa nan. Tikiti biyu ne, kamfanin farko ya sauke nasa nauyin, na biyu bai san da wani akwati ba. In suna so sai su fita su ɗauko su sake aunawa, fita kuwa sai da bizar ƙasar, ba su da ita. Ina jin haka na miƙe tsaye. Cekin ɗin da na yi ta alfahari da shi mutum biyu ya tabbatar, bai taɓa akwati ba. Maganar Alhaji Tijjani ta dawo mini, amma a makare.

Na ce, "Umaru, takardun asibiti na hannunku?"

Ya ce suna nan.

"To ku shiga jirgi. Tuhwahi na, a sayi wasu can. Ni zan bi sawun akwatin."

Ya ce, "Malam Garba, Yaya ya zamna ƙasa, ya ce ba shi tashi."

Aka ba Alhaji wayar. Ban taɓa jin mutum cikin natsuwa irin haka ba, kuma natsuwar ce ta fi tayar mini da hankali. Ya ce, "Garba, ka san mi ac cikin ƙunshin nan? Alƙur'anin Malam Isiyaku na, wanda yar rubuta da hannunai, cikin gafaka tai. Shi ag gadon yaron. Matar ta sa shi hannuna, kai kac ce in sa akwati. Ba ni barin shi ƙasar mutane in wuce neman ido."

Na roƙe shi. Na ce in jirgin nan ya tashi ranar likita ta wuce, kuma Kano za a mayar da su. Na ce na ɗauki alhakin a wuyana duniya da lahira. Ya ce, "Ba kai kab ba ni ba, ba kai ka yahe mani ba." Na tambaye shi to wa zai yafe. Ya ce mai shi. In ya ji daga bakinta zai tashi, in bai ji ba makanta ba kansa farau ba.

Na duba agogo, saura awa uku da 'yan mintuna, kuma ana rufe ƙofa kafin nan. Inna Kulu ba ta da waya, Banga kuwa lokacin sabis sai a kan wani tudu bayan gari. Ko shagon ban rufe ba na haye babur. A rani tafiyar ba komai ba ce, amma an kwana ana ruwa, hanya ta zama kunu. Sau biyu ina faɗuwa. A bakin wani rafi sai da wasu manoma suka taya ni ciccibar babur muka haye, takalmina ɗaya ya tafi da ruwa ban ko waiga ba. Duk inda na samu ɗigon sabis sai kiran Umaru ya shigo, in ce masa ina hanya, ya ce an fara kiran layin shiga jirgi. Ƙarya yake don in yi sauri, na sani, amma kowane kira sai in ƙara wa babur wuta.

Na isa gidan aka ce tana gona. Na isa gonar na hango ta duƙe cikin gero tana cirar ciyawa. Ta ɗago ta dube ni, laka har gira, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta ce, "Innalillahi. Jirgin ya hwaɗi?"

Na ce lafiya lau suke, na faɗa mata abin da ake ciki a gurguje. Abu ɗaya na tsallake, ban ce ni na jawo ba. Na ce ma'aikatan can ne suka riƙe akwatin. Na ce, "Inna, hau mu tahi tudu, lokaci na ƙurewa."

Ta dubi babur ta dube ni. "Ɗana, ban hau bayan namiji ba da ƙuruciya, ba ni hawa yanzu da anka hana."

Haka ta kama hanya da ƙafa, ni ina tura babur a bayanta ina kallon agogo kamar in ɗauke ta in ruga. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma tsaya ba. A tsakiyar hanya ta tambaye ni, "In an bar shi can, ana samu nai?" Na ce ana samu in Allah ya so. Ta ce, "Shekara shida Malam yay yi shina rubutu nai."

A kan tudun na ɗaga waya sama ina zagaye har sanda biyu na sabis suka fito. Kira na uku ya shiga. Yanzu kam da gaske ana shiga jirgi, ina jin lasifika a bayansu. Na kara mata wayar a kunne don ba ta san yadda ake riƙewa ba, saboda haka duk abin da aka faɗa na ji.

Alhaji ya ce, "Kulu, na ci amanarki."

Ta ce, "Ba ka ci ba, Alhaji. Da Malam na da rai, kai ka san abin da zai ce maka. Littahin Allah na, mai shi na iya tsaron abinai. Tashi ka shiga jirgi. Na yahe maka, duniya da lahira."

Sai na ji Umaru yana cewa, "Ya tashi, ya tashi," wayar ta yanke. Inna Kulu ta zauna a kan wani dutse ta rufe fuska da gefen mayafi. Ni kuwa na tsaya riƙe da waya, kunya ta rufe ni, don na san kukan nan ni na jawo shi kuma ba ta sani ba.

An yi aikin, idon dama ya tsira. Alhaji Bawa ya dawo yana gane saniya daga nesa, yana gaya wa duk wanda ya gani a kasuwar Shinkafi yadda Garba mai tikiti ya ratsa rafi saboda shi. Mutanen da suka gudu Gusau suka dawo mini. Wannan yabon ya fi zagi ciwo. Wata bakwai ina bin akwatin. Na cika takardu, na buga waya har aka gane muryata, na je Kano sau biyar ina leƙa ɗakin kayan da ba a zo nema ba. Kamfanin farko ya ce ya kai inda aka rubuta, kuma gaskiyarsa. Na biyu ya ce ba a taɓa ba shi ba, shi ma gaskiyarsa. Akwatin bai dawo ba har yau.

Duk ranar kasuwar Kaura in Inna Kulu ta shigo gari sai ta biyo ta ƙofar shagona. Ba ta shiga, daga bakin ƙofa take cewa, "Ɗana, an ga akwatin?" In ce tukuna, Inna. Ta ce Allah shi sa a gani, ta wuce. Ranar kasuwa ta zame mini ranar zullumi, har na fara ƙirƙiro zuwa banki in na hango motar mata. Da abin ya ishe ni, bayan kaka na je Banga da ƙafata na zauna a zaure na faɗa mata komai: tikiti biyun, da arahar da na bi, da yadda Alhaji ya so riƙe gafakar a hannu ni na hana. Na ce ta yafe mini.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Na ji, kuma ka kyauta da kaz zo. Wahalar da nis sha na yahe. Amma littahin ba nawa na ba, na Sanusi na. Ranar nan ma na yi karambani don idon bawan Allah. Shi za ka roƙa."

Sai da na jira shekara biyu Sanusi ya gama karatu ya dawo. Na same shi a kantin maganin da ya buɗe, na maimaita masa abin da na gaya wa uwarsa, ban rage komai ba. Ya daɗe yana gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara. Daga baya ya tambaye ni ko na taɓa ganin rubutun babansa. Na ce a'a. Ya ce, "Ni ma tun ina yaro rabona da shi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Tun daga ranar tudun nan ban sake yanka wa kowa tikiti biyu ba tare da na zaunar da shi na yi masa bayani ba. In mutum zai sauya jirgi, ina rubuta masa sunan garin ƙarshe da manyan baƙaƙe, in ce kada ya bar gaban ma'auni sai ya ga shi a jikin takardar akwatinsa. Kuma ina yin abin da a da ake ganin rashin kunya ne, ina tambayar kowane sallahu mene ne a ciki. An zage ni a kan haka, wata hajiya daga Zurmi ta ce ko kwastan ne ni. Na ce ta kira ni duk abin da ta ga dama. Abin da kuɗi ke saya ya shiga akwati, abin da ba a sake samun irinsa ya zauna a cinya, ko da za a bar takalma da riguna a shagona.

'Yar takardar kayan nan da aka liƙa wa Alhaji a Kano tana cikin durowata, Umaru ya kawo mini. Duk wanda ya ce aikin minti biyu ne ina iya ciro masa ita ya gani. Inna Kulu ta rasu, Alhaji Bawa ma ya rasu yana gani da idonsa. Sanusi kuwa yanzu yakan fita waje sayen magani, kuma duk da yana da waya irin taku, wajena yake zuwa in yi masa cekin. Yakan tsaya a kaina har in gama, ya karɓi takardarsa, ya yi godiya ya tafi. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban sake samun bakin tambaya ba.